Ranar da Na'ura Ta Haɗiye 'Ya'yan Karakkai

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku. Wagga ba tatsuniya ba ce. Da ƙafata na je, da idona na gani, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ni ce ungozomar Karakkai. Na fi shekara talatin ina yanke cibi a garin nan, babu gidan da ban shiga da reza da zare ba. To, bazarar bana ƙyanda ta sauka a rugar Fulani da ke gabas da mu, ta ɗauki yara biyu cikin mako guda. Ni kuwa na san ƙyanda. Uku ta ɗauke mini a shekara ɗaya, tun ina da ƙuruciya. Muna nan muna jiran motar ƙungiyar da ke kawo allurar rigakafi, sai muka ji ta zagaya ƙauyukan da ke kewaye da mu, ta tsallake Karakkai. Mata suka taru a tsakar gidana suka ce, "Inna, ke kika kai mu aka rubuta yaran nan bara. Ke za ki je ki ji dalili."

Mun tashi da asuba ranar Talata, ni da wata maƙwabciyata mai sayar da daddawa wadda iyakar tafiyarta Bungudu. A-kori-kura muka hau, tare da buhunan barkono da akuya biyu, muka sha atishawa har bakin gulbi. Gulbin ya ƙafe saura rairayi, mata na tonon ruwa a cikinsa. A tashar Bungudu na sha koko da ƙosai, na rabu da maƙwabciyata, na tarar kuɗin mota zuwa Gusau ya ninka saboda wahalar mai. Gidan mai a kulle, layin motoci kamar na masu ta'aziyya, 'yan bumburutu kuwa ga su nan bakin hanya da galan-galan, suna taƙama kamar su suka haƙo shi.

Rabona da Gusau tun kafin a ba mu jiha. Na iske garin ya cika da baƙi, gidajen haya duk sun zama ofisoshi, 'yan kabu-kabu na shawagi kamar zuma ta tashi. Ɗayansu ya ɗauke ni, na riƙe rigarsa ina salati har ƙofar ƙungiyar.

Nan na sami malamar da ta rubuta yaranmu bara. 'Yar kudu ce, Kirista, amma a Gusau aka haife ta, Hausarta ba ta da kwana. Ta ba ni kujera da ruwan randa, ta zauna gaban na'urar da suke kira kwamfuta: gilashi kamar na talabijin a kan tebur, allon maɓallai, da wani akwati a ƙasa mai gurnani kamar kyanwa. Ta ce duk yaran da suka rubuta suna ciki, a wani abu da ake ce wa rumbun bayanai. Ta danna, ta danna, sai ta ce, "Inna, yara bakwai ne a Karakkai. Shi ya sa aka ce ku kawo su Bungudu, ba sai mota ta je ba."

Na ce, "Nawa?"

Ta ce, "Bakwai."

Jama'a, sai na miƙe tsaye. Na ce, "'Yar nan, ko gidan mai gari kaɗai ya fi bakwai. Da hannuna na karɓe su. Ina ɗiyan gidan maƙera? Ina tagwayen bakin masallaci? Ina jikokina huɗu?" Ta nemi sunayensu ɗaya ɗaya, na'ura ta ce babu, babu, babu. Ba ta ce sun mutu ba, ba ta ce sun ƙaura ba. Cewa ta yi ba a taɓa haihuwarsu ba. Na ga zufa ta karyo wa malamar, domin ita ma ta tuna ranar da ta rubuta su a gindin tsamiyarmu. Ta ce gobe da azahar za a rufe takardar neman allura ta wanga zagaye, kuma da adadin da na'ura ta bayar ake rabawa. Wanda ba ya ciki, sai bayan damina.

Na ce, "Ƙyanda ba ta jiran damina."

Wanda ya haɗa musu na'urar, injiniyansu, yana gida a Tsafe, ya faɗi da babur ya karye, mai ɗori ya hana shi motsi. A wurinsa kwafin ajiya na duk abin da aka rubuta yake. Malamar ba ta yi wata-wata ba, ta zare wayoyi, ta naɗe akwatin nan mai gurnani da bargo, ta ce mu tafi. Haka na hau motar Tsafe da shi a cinyata, ina rungume da shi kamar jinjiri, tunda aka ce yaranmu a cikinsa suka ɓace. Wani dattijo a gefena ya ce, "Hajiya, rediyo ce?" Na ce, "A'a, ɓarawo ne, za mu kai shi ya amsa laifi."

Hanyar Tsafe doguwa ce ga mai fargaba. Mun wuce Dutsen Kwatarkwashi yana tsaye baƙi ƙirin, zafi na tashi daga jikinsa kamar tanda. Ramuka sun cinye kwalta, duk ramin da muka faɗa sai malamar ta dafe ƙirji ta ce, "Inna, riƙe shi da kyau!" Masu shingen hanya suka tsayar da mu, suka sa aka kwance bargon, suka leƙa, ba su gane komai ba, suka ce mu wuce. A tashar Tsafe mangwaro ya yi arha har ana tattaka shi, na sayi hoce da fura a wurin wata Bafillatana, amma abinci bai shiga ba.

Muka sami injiniyan a zaure, ƙafa a miƙe cikin karan ɗori. Mutum ne mai sanyin magana. Babu wuta a unguwar tun jiya, sai aka aro janareta wurin mai hoto, aka sayo mai kwalba biyu, don iyakar abin da aka samu ke nan. Ya haɗa akwatin da nasa gilashin, rubutu ya fara gudu fari a kan baƙi.

Na tambaye shi wane kamfani ne ya sayar musu da wannan annoba, a kai ƙararsa. Ya yi murmushi ya ce, "Inna, ba na kamfani ba ne. Gayya ce. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka taru suka gina shi, suka bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinsa, ya gyara. Ba don haka ba, da yau sai dai mu zauna mu yi kuka." Ya ce rumbu uku ne a ciki: na garuruwa, na magidanta, na yara. Kowane yaro an ɗaure shi da maigidansu, kowane maigida an ɗaure shi da garinsa. Na ce, "Kamar awaki da turke." Ya ce, "Kin gama karatun."

Ashe na'urar nan tana rubuta duk abin da aka sa ta, ba ta mantuwa. Ya bi sawun ya bi sawun, sai ya tsaya, ya cire tabarau. Ya ce wata biyu da suka wuce an share magidanci ɗaya a Karakkai, yara hamsin da biyu suka bi shi. Malamar ta ce ita ce, labari ya zo mata cewa wani tsoho ya rasu, ta cire shi. Na ce lalle an yi rasuwar, amma tsohon nan ko jika ba ya da shi a gida.

Injiniyan ya ɗauko gwangwanin alewa, ya fito da wasu ƙananan fayafai baƙaƙe masu kusurwa huɗu, ya riƙa cusa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wannan hoton rumbun ne tun kafin ɓarna. Can sai ga su. Ya karanta mini sunayen, na ji tagwaye, na ji ɗiyan maƙera, na ji jikokina, hawaye suka zubo mini. Amma murna ba ta daɗe ba. Ya ce, "Inna, wane ne wannan Malam na Karakkai, mai mata goma sha tara da 'ya'ya hamsin da biyu?"

Na ce, "Innalillahi! Wane kafirin ne?" Sai na tuna da malamar, na ce ta yafe mini, bakin tsufa ne. Ta yi dariya har da ƙwalla, sannan dariyar ta tsaya cak, ta rufe baki da hannu.

Ga abin da ya faru. Ranar rubutu, duk macen da aka tambaya sunan maigidanta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam." Wace 'yar mutunci ce za ta kama sunan mijinta a gindin tsamiya, gaban jama'a? Na'ura kuwa ba ta yarda a bar gurbin fanko, sai malamar ta rubuta abin da aka faɗa mata. Ita kuma na'ura da ta ga suna ɗaya, gari ɗaya, sai ta ɗauka mutum ɗaya ne, ta ɗaure kowa a turke guda, turken tsohon nan da ya rasu, don shi ma Malam aka rubuta shi. Bakwai ɗin da suka tsira, iyayensu maza ne suka kawo su. Injiniyan ya ce laifin har da nasa: shi ya umurci na'urar cewa in aka cire maigida iyalinsa su bi shi, saboda makiyaya masu ƙaura. Aka tumɓuke turke, garke ya watse.

Ya gyara abu biyu a gabana. Kowane gida ya ba shi lambarsa, don kada a sake haɗa mutane saboda suna. Ya kuma hana na'ura cire maigida matuƙar akwai yaro ɗaure da shi. Saura raba yaran, kuma wannan ba ya cikin kowane faifai. Yana cikin kaina. Ya riƙa kiran yaro da uwarsa, ni ina faɗin sunan uban da na kakan, ina yi ina faɗa da matan Karakkai da ba sa nan: kunyar banza, kun kusa kashe 'ya'yanku! Gida goma sha takwas muka gama, kwalba ta biyu ta kusa ƙarewa.

Sai ya kira jikokina. Ya ce, "Sunan ubansu?"

Ubansu ɗan farina ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kama shi a bakina ba, ko a ɗaki ni kaɗai. "Wancan" nake cewa, ko "yaron nan", ga shi yau da furfura. Kakansu kuwa maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Na ce a rubuta ɗan ungozoma. Malamar ta ce masu allura da rajistar mai gari suke gwada takarda, sunan da ba su gani ba tsallake gidan suke yi.

Na maigidana ya zo da sauƙi. Na ce annabin da kifi ya haɗiye, injiniyan ya faɗa, na gyaɗa kai. Amma yaron nan sunan wani kakansu Bafillace aka mayar masa, babu shi cikin annabawa, babu cikin sahabbai. Suka yi ta cinka, sun kira ya fi ashirin, ina girgiza kai. Ban iya rubutu ba balle in rubuta. Janareta ya fara tari, gilashi ya yi ƙyaf-ƙyaf. Injiniyan ya ce a hankali, "Inna, in ya mutu yanzu, babu mai a garin nan sai gobe."

Na tuna ukun nan da na wanke da hannuna, jikinsu duk ƙuraje. Na ja mayafi na rufe fuskata, na juya wa mutane baya, na fuskanci bango, na faɗa. Sau ɗaya. Na ji sunan ya fito baƙo a bakina, da nauyi kamar dutsen niƙa. Na ji maɓallai sun yi ƙara, ya ce, "Ya shiga." Ko minti biyar ba a yi ba janareta ya mutu. Babu wanda ya yi dariya. Malamar ta zo ta durƙusa ta riƙe hannuna.

Mun kwana wurin iyalin injiniyan, da safe muka komo Gusau da akwatin a cinyata. Aka buga takarda, yara hamsin da tara, aka kai ta kafin azahar. Da la'asar ina gida, mata sun cika tsakar gida, na ce su shirya yara. Ban yi musu faɗan da na ƙudurta ba. Tafiyar nan ta koya mini cewa na'ura ba ta san kunya ba, abin da ka ba ta shi take riƙewa, kuma mai faɗa da kunyar wani bai zo kan tasa ba ne.

Mota ta zo ranar Asabar, aka yi wa yaranmu allura har da na rugar Fulani. Ƙyanda ta kama uku a garin, duk sun tashi. Malamar yanzu in za ta rubuta yara, sai ta sa a kira uwar miji ko maƙwabciya ta faɗi sunan maigida. Injiniyan ya warke, yana ɗingishi kaɗan, ya ce ya rubuta labarin ya aika wa 'yan gayyarsu don wasu su kiyaye. Tsohon da ya rasu an bar shi shi kaɗai a gurbinsa, ba mata ba 'ya'ya, kamar yadda ya bar duniya. Shi kuwa yaron nan, da ya ji abin da na yi a Tsafe, kwana uku bai iya haɗa ido da ni ba, a na huɗu ya aiko mini da turmin atamfa ta hannun matarsa.

Ga kunnuwanku nan, na mayar muku. Sunan kuwa kada wanda ya tambaye ni. Yana cikin akwatin, can Gusau.