Kujera Huɗu a Motar Jos

A ƙungiyarmu ta masu ganga da begila, cin gasa shi ne babbar wahala. In mun faɗi, sai mu dawo gida mu sha tsiya na mako guda, kowa ya kama gabansa. In kuwa muka ci, an tura mu gaba ke nan, gaban kuma kullum ya fi nisa, kuɗin motarsa ya fi yawa. Dattawan cocinmu a Zuru sukan yi mana addu'ar nasara da babbar murya, amma na tabbata akwai masu roƙon Allah a zuci ya ba mu na biyu.

A shekarar da nake magana, cikin dubu biyu da 'yan kai, mun ci a Kontagora bayan Ista. Aka ce sai Jos, dab da komawa makaranta. Ni ne babban mai begila, kuma shekarata ta ƙarshe ke nan, don gasar ta matasa ce, ni kuwa gemu ya fara tona mini asiri. Ban taɓa zuwa Jos ba. Tun ranar da aka faɗa ban sake zama wuri ɗaya ba, ko tuwo a tsaye nake ci.

Mai koyar da mu wani tsohon soja ne da ya busa begila a bariki har ya yi ritaya. Saje muke ce masa. Shi ya san cikin asusunmu, kuma babu komai a ciki. Ɗan abin da coci ke ware mana daga kuɗin baikon masu ibada bai wuce na sayen fatar ganga ba. Mukan yi kiɗa a biki da jana'izar tsofaffin sojoji, a sallame mu da shinkafa da godiya. Wani mai shagon kayan gini, mutumin gabas da ya daɗe a garin, ya taɓa saya mana farar safa, muka yi shekara biyu muna yi masa fareti a ƙofar shago da fatan ya ƙara. Bai ƙara ba.

Saboda haka Saje ya mayar da mu 'yan ƙodago. Duk Asabar ta damina sai mu ɗauki garma mu tafi gonar wanda ya saye mu, mu jera kamar a fareti, yara biyu suna bin mu da ganga a baya. Manoma suna son mu don ba ma shan giya, ba ma tsayawa hira, kunyar nomanmu kuma tana fita a miƙe. Asabar ce kawai tamu. Sauran ranakun mako na gonakin iyayenmu ne da wuraren koyon sana'a, Lahadi kuwa ba mai taɓa garma. A wannan shekarar, saboda nisan Jos, Saje ya sayar da Asabar ɗin damina gaba ɗaya tun kafin a yi shuka.

Ni kuma ina neman aure. Yarinyar tana wani ƙauye a gindin dutse, ba nisa da gari, kuma mahaifinta yana riƙe da golmo. A wurinmu golmo shi ne saurayi ya tara abokansa su yi wa uban yarinya noma, damina bayan damina, kafin a ba shi ita. A lokacin yawancin mutanen coci sun mayar da abin kuɗi, amma ba wannan tsoho ba. Yakan ce coci ta hana shi burkutu ya bari, amma ba ta hana shi golmo ba. Damina biyu na kai masa mutanena, mutanena kuwa su ne 'yan ƙungiya, ba ni da wasu abokai. A wannan daminar ko sau ɗaya ban je ba. Kullum ina cewa sai mako mai zuwa, alhali na san mako mai zuwa na wani ne.

Cikin watan Agusta kawuna, wanda shi ne ɗan aike tsakaninmu, ya same ni ina goge begila a ƙofar gida. Bai zauna ba.

Ya ce, "Surukinka ya yi aike. Haki ya ci dawatai. Ya ce in kana da mutane ka kawo su ran Assabar ta ƙarshen wata. In ba ka da su, akwai mai su."

Na ce, "Kawu, wane ne mai su?"

"Wani yaro na wajen Sakaba, mai babur. Kai dai ka ji abin da anka ce."

Wannan Asabar ɗin kuwa ita ce mafi tsada a wurin Saje. Wani babban manomi a Bena ya saye ta don huɗar ƙarshe, kuma da ita za a cike kuɗin mota.

Ban gaya wa Saje nan da nan ba, tsoronsa nake ji. Sai na shiga zarya. Na fara da 'yan uwana na dangi, na tarar rabinsu sun shiga soja, sauran suna acaɓa a Legas. Na yi tunanin in ɗauki 'yan ƙodago, na tura Kawu ya ji ra'ayin tsohon. Ya dawo ya ce tsohon ya ce shi ma ya san inda ake sayen ƙato, abin da yake so ya gani shi ne wa zai tsaya mini a banza. Ran nan da asuba na saɓi garma na tafi gonar ni kaɗai. Ban yi kunya uku ba sai ga shi da sandarsa. Ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "Ɗana, tafi gida. Mutum guda cikin gonag ga, mutane za su ce maraya na ba ɗiyata." Na koma gari ina jin kamar in fasa ihu.

Ranar kasuwa na tare yarinyar a layin masu daddawa, inda take taya uwarta. Na zo da dogon bayani game da Jos da kofin gasa da shekarata ta ƙarshe. Ta bar ni na gama, tana ta ƙulla daddawa a leda.

Ta ce, "Ni na riga na zaɓa, ka sani. Amma ba ni da garma ashirin. Baba kuma ba ya magana biyu."

Na ce, "In na dawo daga Jos fa?"

"In ka dawo ka tarar an nome gonar, kada ka tambaye ni wa ya nome ta."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tayar mini da hankali. Na ji haushinta, na ji haushin tsohon, na ji haushin Saje da begila da Jos ɗin baki ɗaya. Kwanakin nan ko busa ba na iya yi daidai, sautin sai ya riƙa tsinkewa a tsakiya.

Saje ne ya gane da kansa. Muna atisaye da yamma a filin makaranta sai ya ɗaga sanda kowa ya tsaya. Ya ce mai begilar nan ko dai ba shi da lafiya ko yana da magana. Sai na faɗa, a gaban kowa, har da ƙanena, autanmu, wanda ya shigo ƙungiya a wannan shekarar yana kaɗa ƙaramar ganga. Auta bai taɓa wuce Kontagora ba. Ya yi ƙodagon daminar nan duka ba fashi, tafin hannunsa ya fashe ya warke ya sake fashewa, kuma kullum da dare sai ya tambaye ni ko da gaske ne sanyin Jos yana sa baki ya yi hayaƙi.

Na zaci Saje zai zage ni. Bai zage ni ba. Sai ya yi bayani kamar mai ba da odar fareti. Ya ce mun yi ciniki da bas guda, ganguna a sama, mutane a ciki. Bas ɗin ba zai ɗauke mu duka ba, shi ya sa ya nemi ƙaramar mota ta kwashi mutum huɗu da suka rage. Kuɗin Bena na ƙaramar motar ne.

Ya ce, "Assabar guda, kujera huɗu. In munka tafi gonar surukinka, babu ƙaramar mota. Ni ban hana yaro aure don kofi. Amma kai ne na fari da za ya zauna gida."

Na ce na yarda. Na faɗa da sauri, don kada in yi tunani.

"Sauran ukku, waɗanda sunka shigo baya. Haka anka yi a soja."

Ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Na uku shi ne Auta.

Na ce, "Saje, a'a. A bar maganar. A tafi Bena."

Ya ce, "Na riga na ba da oda. Ka gan ni ina wasa da yara?"

Na juya wajen ƙanena. Yana tsaye da sandunan ganga a hannu, yana kallon can bayan filin. Da aka tashi bai jira ni ba. Makon nan gaba ɗaya ɗaki ɗaya muke kwana amma ko sannu ba ta haɗa mu ba. Na gwada yi masa magana sau biyu, ya juya mini baya. Na je wajen iyayen sauran yaran biyu na ba da haƙuri, uwar ɗaya ta ce ita ta ma huta da neman kuɗin guzuri, uban ɗayan kuma bai ba ni wurin zama ba. Na sake bin mai shagon kayan gini ko zai biya ƙaramar motar, ya ce kasuwa ba ta tafiya, ya ba ni lemo.

Ranar Asabar muka dira gonar tsohon gaba ɗayanmu, har da Saje da hularsa ta soja. Aka jera, ganga ta tashi. Mutanen ƙauye suka fito kan duwatsu suna kallo. Ban taɓa ganin yaran nan sun yi noma irin na ranar ba, kuma babu wanda ya kai Auta. Ya ƙi karɓar ganga, ya ce garma yake so. Yana gaba da kowa, ba ya ɗaga kai, yana sara ƙasa kamar ta yi masa laifi. Kafin la'asar mun fita ɗaya gefen. Yarinyar da ƙannenta suka kawo tuwon dawa da kunu. Tsohon ya zagaya gonar da sandarsa, ya dawo ya tsaya gaban Kawu ya ce, "Na ga mutanenai. Ku zo bayan kaka a yi magana." Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma na kasa duban inda ƙanena yake zaune.

Sun tafi Jos sun zo na huɗu, wani yaro da na koya wa busa ya riƙe begilata. Wannan ce tafiya mai nisa ta ƙarshe da ƙungiyar ta yi. Shekarar da ta biyo kuɗin mai ya tashi, manyan manoma suka koma feshin maganin ciyawa, ba mai sayen Asabar ɗin yara ashirin. Saje ya lissafa ya ga ko Kontagora ba za mu kai ba. Muka koma kiɗan biki da jana'iza, har gangunan suka tsufa a ɗakin ajiya na coci.

Amma safiyar tafiyar ce ta fi zauna mini. Na tashi na ga Auta ya sa yunifom ɗinsa, wanda ya sa wa sitaci ya goge tun kafin a yi maganar Bena, har da farar safa. Na ce masa ina za shi, sai ya sa kai ya fita. Na bi shi har tasha. Shi ya hau saman bas ɗin ya karɓi ganguna ya ɗaure su, ya ja igiya ya sake ja. Ya miƙa wa wani yaro sandunansa, ya ce nasa sun fi nauyi daidai. Saje ya dafa kafaɗarsa. Motar ta tashi suna busa ta taga, muka tsaya har muka daina jin su.

Muka kamo hanyar gida, shi a gaba ni a baya. Mutane suna kallon yaro cikin yunifom shi kaɗai, wata mai ƙosai har ta tambaye shi ko mota ce ta bar shi. Mun kusa gida ya tsaya, ya cire hular ya riƙe a hannu. Idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Yaya."

Na ce, "Na'am."

"Ka riƙe yarinyar nan da kyau. Ranar da duk na ji ka sa ta kuka, sai ka biya ni Jos ɗina."