Wasan Talabijin da Muka Shirya da Kaka

Shekarar da na gama sakandare aka tura ni Bungudu in zauna da kakata ta wajen uba. A Gusau na tashi, kuma ban tafi da son raina ba, sai da na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure. Amma idanun Kaka sun yi yana, har ta kai tana zuba gishiri a koko, ni kuwa ba ni da wani aiki a gida sai kwanciya da littafi. Babana ya ce in je in yi kwanciyar a can.

Likita a Gusau ya riga ya duba ta, ya ce yana ce kawai, in aka yi aiki za ta gani. Kaka ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Tana da dalilinta. A Bilbis, garin da aka haife ta, wani mai magani ya taɓa soke wa ƙawarta ido da allura wai zai kawar da yana, matar ta ƙarasa makancewa. Tun daga nan ba mai kusantar idon Kaka da ƙarfe. Babana ya lallashe ta, ya yi fushi, ya turo mata limami, duk a banza. Likitocin ido za su sauka a Gusau bayan girbi, an ma rubuta sunanta, amma kowa ya san ba za ta je ba.

Littattafaina na tafi da su. Kawu, ƙanen babana, direba ne, yana jigila tsakanin Gusau da Tsafe, duk Juma'a yakan leƙo mu da sababbi daga rumfar masu hayar littattafai. Da farko a ɓoye nake karatu, don Kaka ta ce ƙarya ce aka ɗaure da zare. Wata rana bayan la'asar tana ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya, na yi dariya ni kaɗai. Ta ce, "Mi aka ma dariya ba a raba ba?" Na karanta mata shafi ɗaya. Da na tsaya ta ce, "To, sai mi ya hwaru?" Shi ke nan, na samu aiki.

Labarin kashi biyar ne. 'Yar wani mai haƙar rijiya ce garinsu ya shekara bakwai ba ruwan sama, saboda wata tsohuwar aljana tana kame gizagizai tana ɗurawa a goruna tana ratayewa a kogo. Yarinyar ta fita neman kogon ita da wata akuya wadda ba ta magana sai in tana jin yunwa. Kaka ta ƙaunaci akuyar nan fiye da kima. Ta ce duk cikin littafin ita kaɗai ce mai hankali.

Kawu kuma nasa daban. Akwai wani jerin littattafan yaƙi da yake ji da su, na wani sadauki mai takobin wuta, kashi tara, kowane kashi sai an rushe birni. A wannan damina maƙwabcinmu ya sayo talabijin, unguwa duka ta koma gidansa. Ranar wata Juma'a Kawu ya shigo yana kaɗa makulli, ya ce da a ce masu shirya wasa suna da basira, da littafinsa za su ɗauka su riƙa nunawa mako-mako.

Kaka ta ture faifan gyaɗa. "Naka? Ina za su samo birni tara su rushe? Kai da ko katangar bayan gida kak kasa gyara min."

"Inna, da dabara ake yi."

"Dabarar mi? Namu dai za a yi. Akuya muna da ita. Goruna ga su nan rataye. Kogo kuwa, duwatsun Tsafe cike suke da shi, na shiga da ƙahwata ina yarinya. Kuma kowane kashi inda yaka tsayawa, mutum ba ya iya barci sai ya ji na gaba. Naka kuwa wanga ya sari wancan, wancan ya sari wanga, in mutum ya tahi bayi ya dawo bai rasa komi ba."

Na goyi bayanta, ba don na fi son labarin ba, sai don ina jin daɗin ganin Kawu ya rasa ta cewa. Daga ranar wasan talabijin ya zama namu. Kullum in na gama karatu sai mu zauna mu raba matsayi, kamar gobe za a zo ɗauka. Tsohuwar aljana ta faɗa kan wata mai daddawa da ke zuwa daga Nahuce, saboda yadda take tsuke baki in an taya kayanta. Sarauniyar gizagizai kuma Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Kekun Waje, don Kaka ta ce ba ta taɓa ganin mai tafiya irin tata ba, ƙwarya a ka kamar a nan ta tsiro. Kawu muka ba shi ɓarawon guga. Ya yi rantsuwa ba zai fito ba, amma mako na gaba sai ga shi yana tambaya ko ɓarawon yana tuba a ƙarshe.

A hankali na fara lura da wani abu. Bafulatanar da Kaka ke siffantawa doguwa ce mai wuya kamar na barewa. Wadda nake karɓar nono a hannunta kuwa bayanta ya fara ranƙwafawa. Mai rijiyar, uban yarinya, ta ba wani maƙeri, na tambayi Kawu ya ce ai mutumin ya yi shekara huɗu da rasuwa, ita ma ta sani, mantawa take yi. Mutanen da ke cikin kan Kaka duk suna nan yadda ta bar su kafin yana ta rufe mata ido. Na ga abin, ban gyara mata ba, don dariya ma yake ba ni a lokacin.

Matsayi ɗaya ne ya rage, na yarinyar. Ni kuwa tun farko na sa a raina nawa ne. Wa ke karantawa? Wa ke canza murya har maƙogwaro ya bushe? Na yi ta jira ta faɗa, ta ƙi. Ta gwada jikar liman, ta gwada 'yar mai ƙosai. Ranar da muka kai tsakiyar kashi na huɗu na gaji, na rufe littafin na ce, "Kaka, ni fa?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ke? Ƙawata, ke kin yi ƙanƙanta. Da wanga giɓi naki da ɗan kai awa goruba? Ke dai a ba ki ƙanwarta, mai kuka bakin rijiya."

Giɓin nan ya cike tun ina aji huɗu na firamare. Ban san lokacin da raina ya ɓaci ba. Na ce mata shekarata goma sha takwas, na fi ta tsawo, har an fara sallama da ni a ƙofar gida. Ta ce ta sani mana, ba ita ta yi min wankan jego ba? Na ce, "Ba ki sani ba. Da za mu haɗu a kasuwa in yi shiru, wuce ni za ki yi. Kuma ke kika so haka."

Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na zaci za ta zage ni, ta ce a mayar da ni gidan ubana. Sai ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta ta ce, "Matso."

Na durƙusa a gabanta. Ta ɗora tafin hannunta a goshina, ta bi gira, ta bi hanci, ta sa yatsa ta taɓa haƙorana na gaba. Hannun yana ƙanshin ɗanyar gyaɗa. Ta daɗe tana shafa kumatuna, idanunta farare suna kallon saman kaina, wajen da ba kowa. Can ta ce, a hankali, "Hannu bai hwaɗa min komi ba."

Washegari ta ce kar in karanta, kanta na ciwo. Kwana na biyu ma haka. Na yi ta kai-kawo a tsakar gida kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai, ina so in ba ta haƙuri, girman kai ya hana ni. Ranar Juma'a da Kawu ya zo, tun bai gama gaisuwa ba ta ce, "Likitocin nan, yaushe kunka ce za su zo?" Kawu ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ba don ku ba. Akwai wadda nika son in duba ko ta dace da wani aiki."

Bayan girbi likitocin suka sauka, amma tsoro bai sake ta ba. A motar Kawu, tun daga Bungudu har Gusau, tana riƙe da wuyan hannuna tana salati, sai da farcenta ya bar min shaida. A bakin ɗakin aikin ta tsaya ta ce in an fito da ita ba ta gani, in ƙarasa mata kashi na biyar duk da haka, tana so ta ji ko akuya ta koma gida. Na ce to. A nan ne na samu bakin cewa ta yafe min. Ta ce in rufe mata baki, mutane na kallo.

Ido ɗaya aka fara yi. Da safe ma'aikaciyar jinya ta zo cire bandeji, babana da Kawu suna tsaye a gefen gado, ni na raɓe a bayansu. Kaka ta ƙifta, ruwa na zuba daga idon. Ta dubi babana ta ce, "Kai, yaushe kay yi hurhura?" Ta dubi Kawu ta ce shi dai ɓarawon guga ne, ba canji. Aka yi dariya. Sannan ta ce, "Ina take?"

Suka matsa. Ban yi magana ba, da gangan. Ta kalle ni tun daga ɗankwali har ƙafa, ta dawo kan fuskata ta tsaya. Ta ce, "Wagga ai uwata ta. Haka take sak ranar da tar raka ni gidan aure nan Bungudu." Ta miƙo hannu, na kama.

Ta juya wajen Kawu, tana share ido da bakin mayafi duk da an hana ta taɓawa. "In masu talabijin ɗin sun zo, ka ce musu an samu yarinyar. A kawo mata akuya."