Rigar da Sakiu Ya Ɗinka wa Kayak

A wani ƙauyen bakin teku a arewacin Girinlan, ƙasar ƙanƙara, mai gida ashirin da 'yan kai, akwai wani tsoho da ake kira Sakiu. Shekara hamsin ya yi yana farautar puisi, dabbar tekun da suke cin namanta su sa fatarta, a cikin kayak, ɗan siririn kwale-kwalen nan na mutum ɗaya. Shi ke haɗa katakon, matarsa Bolethe ke ɗinka fatar da ake lulluɓe shi da ita. Na ƙarshen da ta ɗinka yana bayan gidansa a kan dogayen sanduna, inda karnukan da ke jan kaya a kan ƙanƙara ba sa kaiwa, don kare in ya samu fatar kayak, kafin ka sa takalmi ya cinye ta.

Bolethe ta rasu, gwiwoyin Sakiu kuma suka daina yarda da zaman kayak. Da sanyi ya fara ja baya, ya ga rana za ta busar da fatar ta tsage, kuma babu sauran mai irin wannan ɗinki a ƙauyen. Sai ya ɗauko tsohon tamfol ɗin tantinsu, ya yanka, ya zauna da allurar matarsa kwana goma sha ɗaya yana yi wa kayak riga. Da ya gama, ya bi kowane layin ɗinki ya shafe da kitsen puisi, yadda ya ga tana yi wa fata don kada ruwa ya shiga.

Kwana uku da sa rigar, ya tarar an farke ta, tsawon tafin hannu, daidai kan ɗinki. Ya daɗe yana kallo. Kare ba ya kaiwa nan, iska kuma ba ta zaɓar ɗinki. Da ya dubi ƙasa, ya ga sawu a kan dusar ƙanƙara, na mutumin da ke jan ƙafar hagu. Mutum ɗaya ke jan ƙafar hagu a ƙauyen, Pavia.

Pavia maƙwabcinsa ne, tare suka koyi tuƙi. Shi ya fara sayen jirgi mai inji, shi ne kuma, in ji tsofaffi, ya fara kai wa Bolethe kyautar nama tun tana budurwa. Ba a taɓa tayar da wannan zance ba.

Da hantsi Pavia ya wuce da bokitin kifi.

"Tsoho, har yanzu amaryar taka tana sanye da rigar? Ka kuwa yi mata ɗinki kamar da yatsun ƙafa."

"Ka duba da kyau ke nan," in ji Sakiu.

"Ido ai ba ya neman izini."

"Hannu fa?"

Pavia ya yi dariya ya wuce. Sakiu bai yi ba. Ya gyara farkewar, ya ƙara kitse fiye da na farko.

Bayan kwana biyu an farke wuri uku, ɗaya har an ɗan taɓa fatar da ke ciki. Sawun yana nan, sabo. A ranar ne matar Pavia, mai suna Makka, ta buɗe gida kowa ya zo shan kofi don zagayowar ranar haihuwarta. Sakiu ya je, ya sha kofi ɗaya, idonsa na kan wuƙar da ke rataye a ƙugun mai gidan. Bai taɓa waina ba. Makka ta lura, ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi taga.

Washegari da sassafe Sakiu ya shiga rumfar shanya kifi ya zauna, yana hango sandunan ta wata kafa. Ya riga ya shirya maganar da zai faɗa, wadda in ta fita, gaisuwa ta ƙare tsakaninsu.

Can sai ga Pavia yana jan ƙafa, hannunsa a aljihu. Ya tsaya ƙarƙashin kayak ya ɗaga kai. Sakiu ya miƙe. Pavia ya zaro hannu, ya yi jifa da tsakuwa. Manyan hankaki biyu suka tashi daga bayan rigar, ɗaya da zare a baki.

"Ku tafi, ɓarayin banza!" in ji Pavia. Da ya juyo, ya ga Sakiu a bakin rumfa, ƙamshin busasshen kifi na binsa.

"Au, kifi ya koyi tafiya?"

"Tun yaushe kake zuwa nan?"

"Tun ranar da ka buɗe musu gidan abinci. Wa ya ce maka ana shafa wa tamfol kitse? Bolethe fata take shafawa, kitsen ya shige, kai kuma ka tafi teku da shi. Kai ka shafa ka ɗora a sama kamar faranti."

"Da ka faɗa mini."

"In ce wa mai farautar shekara hamsin bai san hankaka ba? Na ce gobe za ka gani da kanka. Kai kuwa ƙasa kawai kake kallo."

Sakiu ya miƙa hannu ya kama bakin rigar. Suka sauko da rigar tare, Pavia ya ce akwai ragowar fentin jirgi a wurinsa, a wanke kitsen a shafa shi. Da fatar ta bayyana, Pavia ya kai yatsa ya bi layin ɗinkin Bolethe a hankali, tun daga hanci har tsakiya.

"Babu mai irin hannun nan kuma," ya ce.

Sakiu ya ɗaga gira, wato haka ne. Amma idonsa bai bar yatsan ba har sai da Pavia ya mayar da shi aljihu.

"Jeka kawo fentin," in ji shi. "Ni zan shafa."