Filafilin da Ya Ɗaga Saboda Ni

Malam Edita, ina roƙon ka sakaya sunana. Shekarata goma sha tara a lokacin, 'yar manomi ce ni a wani ƙauye tsakanin Makoda da Ɗanbatta, kuma ba abin da ya cika min kai kamar littattafan soyayya. A rumbun gero nake ɓoye su don kada Inna ta gani. Duk kaka, idan an gama girbi, ɗaliban kwalejoji biyu sukan zo dam ɗin da ke kusa da mu su yi tseren kwale-kwale, mutum shida a kowane jirgi. A can na fara ganinsa, zaune a bayan jirgin 'yan koren riga, yana rera musu baiti suna tsoma filafili a ruwa tare da muryarsa. Jirginsu ya wuce, idona ya bi shi har ya ɓace.

Ɗan masunta ne, yana karatun aikin gona. Bayan tseren muka saba, kafin shekara ta zagayo manyansa sun zo gaisuwa wajen Baba, an sa rana bayan ya gama karatu. Yana sona, amma ba irin son da nake karantawa ba. Bai iya daɗin baki ba, in ya zo zance sai ya kawo min kifi busasshe ya yi ta labarin taki da iri. Ni kuwa ina jiran ranar da zai yi wani abin bajinta a gaban jama'a saboda ni.

Da wata kakar ta zo, ana saura kwana biyu tsere, na ce masa zan tsaya a ƙarƙashin tsamiyar bakin ruwa da jan gyale, in har yana sona ya waigo ya ɗaga min filafilinsa sama kowa ya gani. Ya yi dariya ya kira ni gimbiyar takarda, ya ce littattafan nan sun gama da ni. Ya bayyana min cewa mai tuƙin baya ba ya ɗauke ido, domin wurin gonaki ne kafin ruwa ya cinye su, kututturan itatuwa suna nan a ƙasa, kuma daidai tsamiyar ne suka fi yawa. Sauran biyar ɗin 'ya'yan tudu ne, ba su iya iyo sosai ba, shi suka dogara da shi. Na ɓata rai, na ce ashe kwale-kwale ya fi ni daraja, na shige gida ban yi masa sallama ba.

Ranar tsere suna kan gaba. Da suka zo daidai tsamiyar, ya waigo, ya ɗaga filafilin, yana murmushi. Na ji kamar an naɗa ni sarauta, ni ma na ɗaga masa gyalena. Ban sauke gyalen ba jirgin ya karkace, ya daki kututture, ya kife. Saurayin nawa ya tsamo mutum huɗu daga ruwa. Na biyar, amininsa da suke ɗaki ɗaya a makaranta, sai bayan la'asar masunta suka gano gawarsa.

Mutane suka ce ajali ne, kuma na san ajali ne. Bai taɓa gaya wa kowa dalilin waigensa ba. Amma bayan sadakar bakwai ya aiko yayarsa ta ce min ya yafe min, sai dai ba zai iya kallon fuskata bai ga ruwan nan ba. Ya bar makaranta, an daina tseren, maganar aure ta mutu.

Na gane cewa wanda ya ƙi yi min abin da na nema don tsoron cutar da wasu, shi ne mai sona na gaskiya, ni ce na tilasta masa ya zama na littafi. 'Yan uwana mata, kada ku sa wanda aka ba amanar rayuka ya gwada muku so da aikinsa.

Bara na hange shi a kasuwar Ɗanbatta yana auna gyaɗa, furfura ta fara fito masa. An ce shi yake nome gonar mahaifiyar amininsa duk damina, kuma tun ranar bai sake taka bakin dam ba. Na ja gyalena na rufe fuska, na bi ta wani layin.