Janareton Alhaji da ƙanina Sanusi

Shekara tara ke nan da muka ɗauko gawar ƙanina Sanusi daga Aliero zuwa Jega, kuma har yau ba zan ce na huce ba.

Mai gyaran wuta ne. Ranar da abin ya faru babu wuta a garin tun safe, aka kira shi ya ɗaure wata waya da iska ta tsinka. Ya gwada layin, ya ga ba komai a ciki, ya hau falwaya. Can gaba kaɗan wani Alhaji, dillalin albasa, ya yi baƙi, ya sa aka tayar da janareto. Ashe an haɗa janareton da wayoyin gidan tare da layin gari, ba a sa makunnin da ke raba su ba. Wuta ta biyo waya ta fito waje, ta iske Sanusi riƙe da ita hannu biyu.

Abin da ke ci mini rai, Sanusi ya sha yin wannan magana. Duk gidan da ya shiga aiki sai ya ce layi biyu ba sa zama tare, dole a cire ɗaya kafin a sa ɗaya. Wasu su ji, wasu su ce neman ƙarin aiki yake yi.

Alhajin ya zo ta'aziyya da buhun gero. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ƙaddara ta. Wallahi ban san da mutum bisa ba." Na yarda bai sani ba, na kuma yarda da ƙaddara. Dattawa suka ce a bar maganar, aka bari. A cikinsu ban ji wanda ya ce masa ya koma ya gyara haɗin ba.

Da Sanusi zai leƙo yau, na san da farko murna zai yi, don yana son sabon abu. Daga Jega har Maiyama sola ce bisa rufi, ga batura jere a zaure. Murnar ba za ta daɗe ba. Watan jiya ana haɗa wa maƙwabcina tasa, na tambayi mai aikin ko ya raba ta da layin gari. Ya yi dariya ya ce ai wutar gari ba ta zuwa. Na ce masa lokacin da ba ta zuwan ne mutane ke hawa falwaya. Ya ci gaba da murɗa wayarsa.

Matar Sanusi, Hadiza, ta koma gidan iyayenta a Maiyama da 'ya'ya biyu. Har yau ba ta yarda wayar wuta ta shiga ɗakinta ba, da tocila suke karatu.

Abin da ya saura na Sanusi shi ne gidajen da ya yi wa aiki a Jega. Ina wuce su kullum. Ba wanda wutarsu ta taɓa kashewa, amma ba a zuwa yi wa mutum godiya kan abin da bai faru ba. Allah Shi ya sani, Shi ya saka masa.