Kada Ki Wahalar da Kanki

Tsohon ɗakin karatu na En'e, hukumar gargajiya, yana tsakiyar Kontagora ne, a bakin hanyar da ta gangara kasuwa. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, ƙofarsa tana kallon titi. Ni ban taɓa bi ta wannan ƙofa ba. Abin da na sani a jikinsa wata 'yar tagar katako ce ta baya, mai kallon lungun da nake bi in za ni gidan mahaifiyata.

Lokacin ban daɗe da aure ba. Na gama sakandaren 'yan mata, aka ɗaura, na tare. Maigidana malamin dabbobi ne, in ya yi kwanaki a gida sai ya yi wasu a wajen Bobi yana yi wa shanu allura. Mutum ne mai sauƙin kai. Ranar da ya same ni ina karanta guntun jaridar da aka ƙunso ƙosai a ciki, dariya ya yi, ya ce bai san ya auro gara ba, ba ta ganin takarda ta ƙyale. Bai hana ni karatu ba. Babu kuma dokar da ta hana mace shiga ɗakin karatun. Amma a barandarsa ma'aikata ke zama in an tashi daga ofis, abokan maigidana da sa'o'in mahaifina, suna karɓa-karɓar jarida. Matar aure ta ratsa su ta wuce? Kafin magariba surukata ta ji.

Mai kula da wurin wani dattijo ne mutumin Ibeto, Baba muke ce masa. Yakan buɗe tagar bayan don iska. Wata rana na rage tafiya ina leƙen kantocin littattafai, sai na ji an ce daga ciki, "'Yata, kallo kike ko nema?" Na ja mayafi na rufe baki, na ce nema. Daga ranar, in na zo wucewa sai in ƙwanƙwasa katakon, in miƙa wanda na gama, in nuna wani da yatsa: wancan mai jan baya, a'a Baba, na kusa da shi. Ba ni kaɗai ba ce, mun kai mu uku ko huɗu masu tsayawa a tagar, amma ba ma zancen ko mun haɗu a gidan biki. Littattafan sun tsufa. Wasu ruwa ya taɓa su, wasu gara ta cinye musu shafin ƙarshe, sai in kwana ina ƙirƙira wa labari ƙarshe da kaina. Duk da haka su ne suka raya mini yinin da maigida ba ya gari, tsakanin azahar da la'asar, in na gama shara da wanke-wanke gida ya yi tsit.

Bayan yaƙin basasa, muna ƙarƙashin Sakkwato ba a yanka mana jiha ba tukuna, aka tashi gyaran tsakiyar gari. Za a faɗaɗa titi, a yi kwalbati da shataletale, a kwashe rumfunan zana a gina shagunan bulo, a matsar da tashar mota. Duk ginin da ya shiga hanya aka shafa masa jan fenti. Ɗakin karatu ya samu nasa. Ba zan ce an zalunce shi ba, gini ya gaji, da damina har kwanoni Baba ke jerawa saboda yoyo. An ce ana gina sabo a gaba kaɗan, kuma shi ba ɗakin karatu za a riƙa ce masa ba, laburare.

Ranar ƙarshe da na ƙwanƙwasa, Baba ya karɓi littafin bai miƙo wani ba. Duk an zuba su a kwalaye. Shi ma, ya ce, ya ajiye aiki, zai koma gonarsa.

Na ce, "Baba, sabon wurin yana da taga?"

Ya ce, "Tagogi ma, 'yata! Na gilashi."

Bai yi ƙarya ba. Ina da ciki a lokacin, kuma hanyar zuwa awo ta gaban sabon ginin take. Ranar da na fara ganinsa a buɗe, na zagaya ta baya kamar mai neman inuwa. Tagogi reras, amma can sama, sun fi ƙarfin hannuna, kowace da sandunan ƙarfe da ragar waya. Ko allura ba za ta bi ta nan ba. Na dawo ta gaba. Ƙofar tana kallon sabuwar tasha, ga teburin mai shayi, ga 'yan kamasho, ga kuma ma'aikatan nan sun taso da zamansu sun dawo kan matattakala. Ina cikin sauri in wuce, na hango wata ƙawata daga bakin ƙofa, tsaye a bayan kanta, da littattafai rungume a ƙirji.

'Yar ajinmu ce. 'Yar wani manomi Kirista daga Tungan Magajiya, gadonta yana kusa da nawa a makaranta. Ni ke ce mata 'yar tunga, ita tana ce mini 'yar birni. Ina ƙaunarta, Allah ya sani. Amma ni nake gaba da ita a Turanci tun daga shekarar farko har muka fita, ni nake gyara mata insha'i kafin ta miƙa. Ga ta yau a tsakiyar littattafan garinmu kaf, da siket da ɗankwali, ana biyan ta don ta zauna da su. Ni kuwa ina rana, da katin awo a hannu, ƙafafu sun kumbura.

Na ce Masha Allah, don haka aka koya mana mu ce in ido ya ga abin da zuciya ta so a hannun wani. Na faɗa a titi, na faɗa a layin awo, na faɗa ina tuƙa tuwo. Bakina ya faɗa sau ba adadi, zuciyata kuwa ta tsaya a bayan kantar nan ta ƙi tahowa gida. Na saba yin addu'ar neman tsari daga mai hassada safe da yamma. A kwanakin nan in na zo wannan gaɓa ta addu'ar sai in ji kamar ana kallona.

Ba a jima ba ta zo gaishe ni. Na shimfiɗa mata sabuwar tabarma, na dama fura da nono mai kyau. Ta sha, ta yi ta ba ni labari: an kawo sababbin littattafai daga Kaduna, har yanzu wasu ba a buɗe kwalinsu ba, akwai fanka a sama, akwai wani babba mai taswirar duniya da sai mutum biyu ke ɗaga shi. Ina ta murmushi har kumatuna suka gaji. Da ta tashi tafiya, tana gyara ɗankwali, ta ce, "Af, 'yar birni, in riƙa kawo miki ne? Hanyata ce."

Na ce, "Haba dai, a'a, kada ki wahalar da kanki."

Ta ce, "To." Ta sa takalmi.

Na tsaya a bakin zaure ina jiran sauran maganar. A gidanmu haka ake yi. In an miƙo maka abu, ka ce a'a, a bar shi. Mai bayarwa ya ce haba, ai ba komai. Ka ce wallahi da an bari. Ya ce sai ka karɓa. Sannan ka sa hannu biyu. Wanda ya karɓa tun a miƙon farko, a ce masa mayunwaci. Ita kuwa ta ce "to", ta ɗaga mini hannu, ta sha kwana.

Na ba ta uzuri da farko, na ce za ta zo da su ba tare da ta faɗa ba, don ta ba ni mamaki. Asabar ta wuce, wata ta wuce. Duk sallamar mace da na ji a zaure sai in yi wuf in leƙa in ga mai tallan daddawa. Daga nan na fara sassaƙa mata laifi. Na ce dama tayin baki ta yi. Na ce albashi ya shiga kanta. Na ce tana jin daɗin a ce yau ita ce a sama, shi ya sa ta zo ta yi mini kwatancen fanka. In na wuce awo ba na ko juya kai, amma wutsiyar idona tana gaya mini kalar rigar da ta sa.

Maigida ya lura na yi shiru. Da na gaya masa littafi nake marmari, washegari ya shiga laburaren da kansa, ya dawo yana fara'a da wani ƙato a hammata. "Na zaɓo miki mai kauri," in ji shi, "don ya daɗe." Rahoto ne a kan ƙudan tsando da ciwon sammore. Na yi godiya. Na karanta shi kuwa, har da jadawalin baya, don babu wani. Na tambaye shi ko ya ga ƙawata. Ya ce ya gan ta, yarinya mai ladabi, har ta ce a gaishe ni. A gaishe ni! Ta ga mijina ya ɗauki littafin ƙuda, ta buga masa hatimi, ba ta ce uffan a kai ba.

Na haihu da kaka, mace. Gwaggona, yayar mahaifina, ta zo ta zauna tana yi mini wankan jego. Ranar suna ban ga ƙawata ba, tana wurin aiki. Sai bayan kwana biyu ta yi sallama da la'asar, da sabulu da 'yar rigar jariri da ta saƙa da hannunta. Ta ɗauki yarinyar tana yi mata wasa da yarensu. Ina zaune a bakin gado da kwanon kunun kanwa, na ji abin ya taso mini.

Na ce, "Manya gatan wasa. Su laburare, ashe ana ganinku."

Ta ce, "Ji min 'yar birni. Ke da kika kore ni?"

"Ni? Yaushe?"

"Na ce in kawo miki littafi, kika ce kada in wahalar da kaina. Na koma gida ina ta tunani. Na ce wannan da take fizge littafi a hannun mutum tun bai gama shafi ba, yau ita ke cewa a'a? Na ce ko maigidan ne ba ya so, kina rufa masa asiri. Da ya zo ya ɗauki na ƙuda ma na ce to, nasa yake karantawa, ke an hana ki."

Na ajiye kwanon. "Ai haka ake cewa!"

"Haka ake cewa me?"

"Haka ake cewa in ana so!"

Gwaggo tana bakin ƙofa tana tsince wake, ta kwashe da dariya har tana tari. Ta ce, "'Yar nan, ke ba a gaya miki ba? A'ar matar aure waina ce, sai an juya ta take nuna. Kin bar ta a gefe ɗaya ta ƙone."

Sai a lokacin na gane inda aka samu saɓani. A makaranta babu mai yi wa wani kawaici, wawaso muke yi wa komai, daga gyaɗa har sabulu. Wannan a'a da ita na tare a gidan miji, tare da tukwane da tasoshi. Ƙawata ba ta taɓa ganina da ita ba.

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa wa Gwaggo jaririyar, ta gyara zama. Ta ce, "Gwaggo, a gidanmu in babana ya ce a'a ka sake tambaya, ka mai da shi ƙaramin mutum ke nan. Ni girmama ta na yi." Ta juyo gare ni. "Watanni kina wucewa ta ƙofar nan kina ɗauke kai kamar na ci miki bashi. Kin zaci ban gan ki ba? Ni dai ba zan juya waina ba. In kina so, ki faɗa da bakinki."

Na dubi Gwaggo, ta sunkuyar da kai kan wakenta tana murmushi, ba ta da niyyar ceto na. Tun da na yi wayo ban taɓa buɗe baki a gaban babba na ce ina son abu ba. Kuma wa zan ce wa? Wadda nake gyara wa insha'i. Na tuna ƙudan tsando. Na tuna sauran kwanakin da ke gabana a ɗakin nan.

Na ce, "Ina so."

"Ban ji ba."

"Ina so, 'yar tunga, Allah ya shirye ki! Ki kawo mini. Na labari, ba na ƙwari ba."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa kamar an ɗaura aure, jaririya ta firgita ta fashe da kuka.

Ranar Asabar ta zo da guda uku a cikin jakar saƙa. Sababbi fil, babu tabon ruwa, shafin ƙarshe yana nan lafiya. Na sa hannu biyu na karɓa, na kai hanci. Ta iya zaɓe, wannan ba zan hana ta ba. Daga nan har shekaru ba ta fasa ba, ko da ta yi aure, ko da aka yi jiha aka ƙara mata girma. Ni kuma ban daina cewa Masha Allah ba in na wuce ta gaban ginin, kuma ban daina buƙatar faɗinsa ba.

Ranar farkon nan, na buɗe na sama ina shafa takardar, sai ta leƙo ta kafaɗata. Ta ce, "Wannan zai sa ki kuka. Da safe kafin mutane su zo na karanta shi, ni kaɗai a ƙarƙashin fanka. Kin ga matar nan ta farkon, ashe daga baya..."

Na toshe kunne da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da littafin. "Kada ki gaya mini!"

Ta ce, "Wannan a'ar ta gaske ce, ko in juya?"

Na ce ta gaske ce. Na ɗaga na biyu, na tambaye ta ko shi ma ta karanta. Ta ce duka ukun.