Ƙwaryar Inna a Cikin Kwamfuta

Shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu a Kalgo, ni ce mai buga takardu. In na buɗe aiki karon farko sai ta yi ta gurnani. In na sake buɗe shi, sai ya fito nan take. Da na buɗe wasu da yawa, gurnanin ya dawo.

Mai gyaranta ya ce, "Malama, faifan cikinta rumbu ne. Tana ɗebo kaɗan ta aje kusa, amma an yi mata iyaka don sauran aiki ya samu wuri."

Na daɗe ina kallonta. Haka Inna ke ɗibar gero daga rumbu a gidanmu na Masama, ƙwarya guda kawai ta aje kusa. Ashe wani can da bai taɓa ganin Inna ba ya koya wa ƙarfe hankalinta.